Nawa gare ka?

A rubutun boko kalmomi biyu sun zama ɗaya: "nawa" na tambayar adadi da "nawa" na mallaka. A baki kuwa ba su haɗuwa. Na adadi gajere ne, murya ta fara sama ta sauko. Na mallaka jan shi ake yi, daga ƙasa ya hau. A aji na koyi wannan, amma a zauren kawunmu a Maradi na ji su suna karo, ranar da aka zauna kan rabuwar yayata da mijinta, bayan shekara 9 da ƴaƴa uku.

Babu lauya a wurin. Lauyoyi galibinsu a Yamai suke, kuma kuɗinsu ya fi abin da ake gardama a kai. Nijar ma har yau ba ta da kundin dokar iyali, al'ada da addini ke yanke irin wannan. Daga kawu sai liman sai wakilin mai unguwa, ni kuma aka ba ni biro in rubuta.

Kawu ya ce, "Ɗana, nawa kake samu a wata? Don mu san abin da za a aza maka na cin yara." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Baba, sai dai rufin asiri." Kowa ya gyaɗa kai, magana ta mutu. Mun san yana da babur biyu masu kabu-kabu. Mun san jika 150 na yayata sun shiga cikin sayen na biyun, ba takarda, ba shaida, don wa ke neman sa hannun mijinta? Da aka taɓo zancen sai ya ce babur nasa ne.

"Rufin asiri" magana ce mai kyau. Da ita talaka ke kare mutuncinsa, kuma mai kunya ba ya bin bayanta da wata tambaya. Shi ya sa ta yi daɗin ɓuya. Abin da ke damuna ke nan: in babu alƙalin da zai tilasta ka, ba takardar albashi, ba asusun banki, mi ya wajabta maka faɗin gaskiyar aljihunka ga wadda ka daina so?

Kada in yi son kai, ita ma yayata ta ɓoye. Tana da zubin adashe da awaki huɗu a ƙauye, ba ta ambace su ba. Da dare na tambaye ta, ta ce, "Kai yaro ne. In na faɗa, cewa za su yi ai tana da hali, su rage masa."

Na daɗe ina auna ɓoyon nan biyu, kuma ban ga sun zo daidai ba. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, dukiyar mace tata ce, ciyar da ƴaƴa kuma a wuyan uba yake gwargwadon samunsa. Ke nan awakinta ba su cikin lissafin tun farko, samunsa kuwa shi ne lissafin kansa. Ita mutanen zauren ta ɓoye wa, don ta san halinsu. Shi kuwa da ya rage adadi, ba ita ya cuta ba. Kwanon yara uku ya rage wa, su da ba a ko kira su zauren ba.

Duk da haka raina bai kwanta ba, don ni ma da biro a hannu na san da awakin, na san da baburan, na yi shiru. An aza masa jika 15 a wata, haka na rubuta, liman ya yi fatiha. Takardar tana cikin akwatin yayata. Wata na biyu jika 10 ya aiko.