Ka bar motar ta zauna tukuna

Ɗana, ka daina ɗora wa motar laifi. Tun da ka bar motocin GT3 ka koma Lotus 49 a Assetto Corsa kake ƙorafi, wai lilo take yi, wai ba ta jin sitiyari, har ka fara cewa waɗanda suka tsara wasan ba su san aikinsu ba. Kul, kada ka saba da zagin abin da ba ka fahimta ba. Na kalli maimaicin tserenka, matsalar tana hannunka da ƙafarka.

GT3 ta sangarta ka. Sifirin ɗinta mai tauri ne, tana da fiffiken da ke danne ta a ƙasa, ga na'urar da ke hana taya kullewa in ka take birki. Kana murɗawa take amsawa. Ita kuwa Lotus 49 ta 1967 ba fiffike, ba na'urar ceto, ga ƙarfin doki wajen 400 a jikin da bai wuce kilo 500 da 'yan kai ba. Kuma ta fi waccan laushin ƙafa nesa ba kusa ba.

Ga abin da nake so ka riƙe. Mota mai laushin sifirin sai ta ɗauki lokaci kafin nauyinta ya gama komawa inda ka tura shi. In ka take birki, hancinta zai sunkuya, nauyi ya taru a tayoyin gaba, su kama ƙasa sosai. In ka murɗa sitiyari, jikinta zai kwanta a kan tayoyin waje. Duka biyun ba sa faruwa nan take. Akwai ɗan jinkiri, bai kai sakan ɗaya ba, kuma a cikin wannan jinkirin kake yin ɓarna. Kana murɗawa, ba ka ji ta amsa ba, sai ka ƙara. Kafin ta gama kwanciya ka riga ka ba ta umarni biyu, bayanta ya zame, ka warware da ƙarfi, ta wulla ɗaya ɓangaren, sai ga ka a ciyawa. Tambayi tsofaffin direbobin Fijo 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, za su gaya maka sai ta jingina kafin ta sha kwana, kuma ba a katse ta.

Babban laifinka shi ne yadda kake sakin birki. Kana ɗauke ƙafa lokaci ɗaya, hancin ya yi tsalle sama, tayoyin gaba su yi sakayau daidai lokacin da kake buƙatar su. Shi ya sa take miƙewa ta ƙi kwana. Ka fara birki da wuri, motar tana miƙe. Sannan ka riƙa sassauta ƙafa a hankali yayin da hannu ke shigar da sitiyari, ɗaya na raguwa ɗaya na ƙaruwa. Murɗawa ɗaya tak, sai ka jira. Za ka ji sitiyarin ya yi nauyi a tafin hannunka, ka ga hancin ya daina rawa. To, ta zauna. Daga nan ka fara ba ta totur kaɗan-kaɗan, kada kuma ka ɗauke ƙafa kwatsam a tsakiyar kwana, don nauyi zai gudu gaba ya bar bayan ba mariƙi. A kwana biyu masu bin juna, hagu da dama, ka bar jikin ya dawo tsakiya kafin ka juya shi.

Jim Clark, wanda ya ci tseren farko da motar nan ta shiga a Zandvoort a 1967, an san shi da taushin hannu. Jackie Stewart, zakaran duniya sau uku, yakan koyar da tuƙi da ƙwallo a cikin faranti a kan bonet, a zagaya ba tare da ta faɗo ba. Waɗannan ba ragwaye ba ne.

Na kuma ga ka shiga saiti ka ƙara wa sifirin da shokozoba tauri. Mayar da su yadda suke. Laushin nan shi ke haɗiye gargada da dakalin gefen hanya, shi ke riƙe taya a ƙasa a titi irin Nürburgring. In ka taurara ta, ka ɓoye kuskurenka ne kawai, ka kuma zubar da abin da ya sa ta yi daɗi.

Gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido. Ka zaɓi titi ɗaya, ka kashe agogon da ke nuna maka lokaci, ka yi zagaye goma ba tare da taya ta taɓa ciyawa ba. In ka iya wannan, ka kunna agogon, sannan ka zo ka nuna wa kawunka. Allah ya yi maka albarka.