Wa Zai Ɗauke Kofin Da Ka Yar?

Karatu: Maimaitawar Shari'a 23:12-14

A tashoshin mota na Yamai da Maraɗi da Damagaram, mai gahawa yakan riga rana fitowa. Ga ruwan zafi a fulas, ga gwangwanin Nescafé, ga sukari, ga ƙananan kofunan roba an cusa wani cikin wani. Direba ya miƙo hannu ta taga, ɗan kabu-kabu ya karɓa bai ko kashe babur ba. Kurɓi uku ko huɗu, gahawa ta ƙare, kofi kuwa sai ƙasa. Aikinsa bai kai minti biyar ba. Amma roba ba ta ruɓewa kamar ganye ko ƙwarya. Rana takan gasa ta, ta farfashe, ta gauraya da ƙasa, ta daɗe a wurin bayan an manta da wanda ya sha.

To, akwai laifi a cikin abu ƙarami haka? Mutum zai ce, "Ai ɗaya ne kawai. Ko na yar, ko ban yar ba, gari ba zai canja ba." Maganarsa da ƙamshin gaskiya, gama kofi ɗaya bai taɓa toshe magudanar ruwa ba. Sai dai ba wanda ya taɓa zubar da dubu a lokaci guda. Duk magudanar da ta toshe, da "ɗaya ne kawai" aka toshe ta. Da yayyafi kogi kan cika. In kowa ya fake da ƙanƙantar nasa rabo, sai a wayi gari da babbar ɓarna wadda ba ta da mai ita.

Abin da muka yar ba ɓacewa yake yi ba, hannun wani muka miƙa shi. Akwai matar da take sunkuyawa da tsintsiya tun asuba. Akwai mai akuyar da take kiwo a juji. Ka tambayi mahauta irin leda da robar da suke tararwa a tumbin dabba. Akwai iyalin da gidansu yake kusa da inda ake ƙona shara, 'ya'yansu suna shaƙar baƙin hayaƙi. Akwai kuma mazauna unguwar da take kwari. A 2020 da 2024 ambaliya ta yi mummunar ɓarna a Nijar. Yawan ruwan sama ne ya kawo ta, ba kofin gahawa ba, amma ruwan da ya tarar da hanyarsa cike da shara, ɗakin mutum yakan nufa. Waɗannan duka maƙwabtanmu ne, ko da ba mu san fuskokinsu ba. Wannan ne ma ya sa abin yake mana sauƙi: da a ƙofar ɗakin mahaifiyarka kofin zai faɗi, da ba ka sake shi ba.

Karatunmu na yau doka ce da aka ba Isra'ilawa sa'ad da suke sansanin yaƙi. An umarce su su keɓe wuri a bayan sansani, kowane mutum kuma ya riƙe abin tona ƙasa a cikin kayansa, domin ya binne ƙazantarsa. Dalilin da aka bayar shi ne, Ubangiji yana tafiya a tsakiyarsu. Ka lura da abu biyu. Ba a ɗora aikin a kan wani bawa ko bara ba, kowa da nasa abin tonan. Sa'an nan mayaƙa ne aka yi wa dokar, mutanen da suka fi kowa hujjar cewa suna sauri.

Wani zai ce a koma ga kofin takarda. Shi ma ba takarda zalla ba ne. Ana shimfiɗa masa siririyar roba a ciki don kada ya jiƙe, raba su kuwa yana da wuya. A 2018 wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya ba da rahoto cewa ƙasar tana zubar da kofunan gahawa kamar biliyan 2.5 a shekara, wanda ake sāke sarrafawa kuma bai kai 1 cikin 400 ba. Ƙasa ke nan mai motocin kwasar shara. Doka ma ba ta isa ita kaɗai ba. Nijar ta kafa dokar hana siririyar leda a 2014, amma ka ɗaga kai ka dubi rassan ƙaya a bakin gari.

Kada mu ga laifin mai gahawa. Abincin iyalinsa yake nema, kuma kofin yarwa yana da nasa dalili. Wanda ya taɓa ganin ana ɗauraye kofin gilashi ɗaya a bokiti ɗaya tun safe har azahar, musamman a lokacin kwalara, ya san abin da ya sa mutane suka fi son sabon kofi. Tsabtar baki abu ne mai kyau. Abin tambaya shi ne, dole ne sai mun saye ta da ƙazantar titi?

Matafiyin dā ba ya fita sai da butarsa da 'yar ƙwaryarsa, ba wanda ya ce masa ya yi ƙauyanci. Ƙaramin kofin silba yana shiga jaka, yana shiga akwatin babur, direba yana iya ajiye shi kusa da takardun mota. Ka miƙa wa mai gahawa ya zuba maka a ciki. Shi ma ya huta da kuɗin kofi ɗaya. Za a yi maka dariya kwana biyu, a rana ta uku a saba. Wankewa kuwa naka ne, nan ne wahalar take, nan ne kuma amfanin yake. Sai dai ka riƙe guda ka daɗe da shi, gama wanda yake sayen sabo kowane wata ya canja irin shara ne kawai. Ranar da ka manta da shi, ka riƙe na robar har ka sami wurin zuba shara. Ko kuwa ka zauna a bencin mai shayi, in ka ga yana wanki da sabulu da ruwa mai tsabta, ka sha a zaune, ku gaisa.

Ikilisiya ma tana da nata rabo. Ku dubi harabar majami'a bayan bikin aure, ko Kirsimeti, ko taron zumuntar mata. Kofunan silba ɗari, da baho biyu, da sabulu, da matasa huɗu masu wankewa sun isa taro guda, kofunan kuma suna nan har bikin baɗi. Dattawan ikilisiya suna iya sa wannan a cikin maganar taronsu na wata mai zuwa.