Ran Gini Ran Zane, To Ran Diyya Fa?



Babu wanda ke gaba da titi mai kyau a cikinmu. Yayyenmu da suka sha zaman cunkoson motoci a hanyar Lapaz, kafin a buɗe sabon titin da ya taso daga Tetteh Quarshie zuwa Malam mai tsawon kilomita 14 a watan Fabrairun 2012, sun san amfanin titi ba sai an gaya masu ba. Amma titi ba a sama yake tafiya ba, ta kan ƙasa yake bi, ƙasar kuwa sau da yawa akwai mutane a kanta. Tambayar da muke so mu tattauna a wannan fitowa ita ce: idan hukuma ta damƙa wa kamfani guda zanen titi da gininsa gaba ɗaya, a wuyan wa alhakin mutumin da titin zai ratsa ta ɗakinsa yake?

Bari mu fara da bayanin yadda abin yake. A tsohon tsari aikin titi hawa-hawa ne. Injiniyoyin hukuma ko waɗanda ta ɗauka haya su gama zane tsaf, safiyo ya kafa turaku, a san gida kaza da fili kaza ne za su tafi, a yi masu kuɗi, sannan a kira 'yan kwangila su yi takarar gini. Tsarin yana da nawa, amma mai gida yakan san matsayinsa kafin katafila ta iso. A sabon tsari kuwa, wanda za mu kira kwangilar zane-da-gini, hukuma takan ba da aikin tun zanen bai yi nisa ba, sau da yawa bai wuce kashi 30 cikin 100 ba. Kamfanin ne zai ƙarasa zanen, yana zana wani yanki yana gina wani. Da wannan tsari jihar Utah ta Amurka ta sake gina kimanin kilomita 27 na babban titin da ya ratsa birnin Salt Lake, daga 1997 zuwa 2001, don ta riga wasannin Olamfik na hunturu na 2002. Mu ma nan Gana tsarin ba baƙo ba ne. Gadar sama ta Tamale da aka buɗe a 2022 tana cikin ayyukan yarjejeniyar 2018 da kamfanin Sinohydro na ƙasar Sin, inda kamfanin ke ɗaukar zane da sayen kaya da gini a dunƙule.

Ribar tsarin ita ce lokaci. To, a nan ne tambayar ɗa'a ta shigo, domin lokacin da aka rage daga aikin ba ɓacewa yake yi ba, akwai mai biyansa. Takardar kwangila mutum biyu ke sa mata hannu, hukuma da kamfani. Na ukun, wato mai gida, da ɗan haya, da mai koko da ƙosai a bakin hanya, ba su cikin ɗakin da aka yi cinikin. An yanka wa kamfani ranar gamawa, an kuma yanka masa tara idan ya wuce ta. Daga wannan rana duk gidan da ke tsaye a kan layin titi asara ce a lissafinsa, ko da ma'aikatansa mutanen kirki ne. Idan kuma aka ƙara masa da aikin ƙidaya gidaje da zama da masu su don daidaita farashi, an mai da shi alƙali a shari'ar da yake da rabo a cikinta.

Akwai kuma wata cutarwa da mai ƙiyasta kuɗin gida ba ya rubutawa a littafinsa, ita ce zaman rashin tabbas. Tun da zanen bai ƙare ba, layin yana iya matsawa gabas ko yamma. An shafa wa bangon mutum jan fenti, an ce kada ya ƙara bulo ko ɗaya. Kwanon rufinsa na yoyo, ba ya iya sakewa. Ba mai sayen gidan, ba mai kama haya na shekara biyu a ciki. Wataƙila bayan dogon jira a ce titin ya kauce masa, ba a taɓa masa komai ba, saboda haka ba shi da diyya. Shekarun da ya yi a rataye fa, wa zai biya shi? Wanda aka yi wa kuɗi aka jinkirta biyansa shi ma bai tsira ba. A watan Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54 cikin 100. Ma'ana, sidi 100 da aka yi wa mutum alkawari a ƙarshen 2021, idan sai bayan shekara guda ya karɓa, abin da sidi 65 ke saye a da kawai za ta saya masa. Ba wanda ya sa hannu a aljihunsa, amma an rage masa sulusin haƙƙinsa.

Wannan magana ta fi shafar mu mutanen zango. Kakanninmu sun sami wurin zama ne daga hannun sarakunan ƙasa, kamar yadda Malam Bako ya sami filin Sabon Zango a Ankara a farkon ƙarni na 20, sannan shugabannin zango suka rarraba wa jama'a. Gidaje da yawa ba su da takarda sai shaidar dattawa. Gida ɗaya kuma yana iya zama na magada ashirin, da 'yan haya goma, da makarantar allo a zaure. Tashi ma ba sabon abu ba ne a tarihinmu, domin Madina kanta waɗanda aka tayar daga Shiashie, kusa da filin jirgin sama, su suka kafa ta a 1959. Inda duk ake gaggawa, wanda ba shi da takarda shi ake fara tsallakewa, saboda tabbatar da haƙƙinsa ya fi cin lokaci.

Wani zai ce: ai amfanin jama'a yana gaba da na mutum ɗaya, shin gida goma za su hana dubban mutane hanya? Wannan gaskiya ce, kuma malamanmu ba su musa ta ba. Amma a duba yadda magabata suka yi da ita. Masu tarihi sun kawo cewa a shekara ta 17 bayan Hijira Sayyidina Umar ya faɗaɗa Masallacin Makka, ya sayi gidajen da ke kewaye ya rushe. Waɗanda suka ƙi karɓar kuɗi, sai ya ajiye masu kuɗinsu har ranar da suka zo suka karɓa. An kuma ruwaito cewa da ya nemi gidan Abbas, baffan Annabi (SAW), don faɗaɗa Masallacin Madina, Abbas ya ƙi, suka kai magana gaban Ubayyu ɗan Ka'abu, hukunci ya ba Abbas gaskiya, sannan shi da kansa ya ba da gidan sadaka. Abin lura a nan biyu ne. Shugaba da kansa ya tsaya gaban mai gida, bai ɓuya bayan magina ba. Kuɗin kuma a ajiye suke, ba alkawarin baki ba ne. Idan an kiyaye wannan wajen gina masallaci, ina ga titin mota?

A zamaninmu ma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta karɓar fili don amfanin jama'a, kamar hanyoyi da gadoji da masallatai, amma da sharuɗɗa. Diyya ta zama ta adalci kuma nan take, masana su ƙiyasta ta, kada ta gaza farashin kasuwa. Mai karɓar ya zama shugaba ko wakilinsa. Kada a karɓa kafin lokacin buƙata, kada kuma a juya filin zuwa kasuwanci. Idan aka fasa aikin, mai filin ko magadansa su ne farkon masu haƙƙin mayar da shi. Duk wanda ya karanta sashe na 20 na Tsarin Mulkin Gana na 1992 zai ga kusan abu ɗaya: sai don amfanin jama'a, sai da biyan diyya isasshiya ba tare da jinkiri ba, kuma mai fili yana da damar zuwa Babbar Kotu. Sashen ya ƙara da cewa idan aikin zai tayar da mazauna, wajibi ne hukuma ta sake tsugunar da su a wuri mai dacewa, tare da lura da hanyar cin abincinsu da al'adunsu. Dokar Filaye ta 2020 kuma ta shar'anta cewa kafin a karɓi fili, sai an zuba kuɗin diyya a wani asusun ajiya na musamman.

Saboda haka amsarmu ita ce: hukuma tana iya ba da kwangilar zane, tana iya ba da kwangilar gini, har ma da awo da cike takardu, amma amanar talaka ba ta shiga kwangila. Ikon raba mutum da gidansa ba da son ransa ba iko ne mai nauyi, an yarda da shi ne kawai saboda mai riƙe da shi na kowa ne, kuma ana iya tuhumarsa. Kamfani na masu hannun jarinsa ne, ranar da ya gama aiki zai kwashe kayansa ya tafi. Idan mai gida ya je ofishin hukuma aka ce ya je wurin ɗan kwangila, ya je wurin ɗan kwangila aka ce ai hukuma ce, to an raba alhakin har ya rasa mai ɗauka. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, shi zai yi masa aski.

Amurkawa da suka daɗe da wannan tsari sun gane haɗarin. A ƙa'idojinsu, ko da kamfani ne ke zirga-zirgar sayen fili, jami'in hukuma ne ke tabbatar da adadin diyya. Dokarsu ta 1970 ta hana a tilasta wa mazaunin gida tashi sai da sanarwar kwana 90 a rubuce, kuma sai an nuna masa wani muhalli kwatankwacin nasa, ɗan haya ma yana da nasa taimako. Da suka fitar da ƙa'idar zane-da-gini a 2002, har ƙananan abubuwa suka rubuta: kada a yanke wa gidan da mutane ke ciki ruwa ko wuta, kada a toshe masa hanyar shiga, kada a ƙona shara kusa da shi. Wanda ya rubuta wannan ya san cewa ana iya korar mutum ba tare da an ce masa tashi ba. Bankin Duniya shi ma, tun a manufarsa ta 2001, ya amince cewa wanda ba shi da takardar fili yana da haƙƙin a taimaka masa ya sake zama, muddin yana wurin kafin ranar ƙidaya.

Kada a fahimce mu da cewa tsarin zane-da-gini sharri ne. Yana ɗauke da wani alheri da tsohon tsari ba shi da shi. Tun da alƙalamin zane yana hannun mai gini, yana iya karkata layin kaɗan, ko ya gina katangar tare ƙasa a maimakon gangara mai cin fili, gidaje da dama su tsira. Amma zai yi haka ne idan an rubuta kwangilar ta yadda rage rushe gidaje zai zame masa riba. Abin da ba a sa wa farashi ba a takarda, a banza ake ɗaukarsa. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Mu kuma muna ƙarawa: tun ran nan ya kamata a san layin, a ƙidaya mutane, a ajiye kuɗinsu.

Sai dai adalci ba hanya ɗaya yake bi ba. Wanda ya ji ƙishin-ƙishin titi zai biyo, ya kafa ɗaki cikin dare don a biya shi, ko ya ƙirƙiro 'yan haya da babu su, dukiyar jama'a ya ci, kuma ya ba masu jinkiri hujjar zargin kowa. Haka nan babban wa da ya karɓi diyyar gidan gado da sunansa ya hana ƙannensa mata da matar marigayi rabonsu, abin da yake kukan an yi masa shi ya yi wa na ƙasa da shi. Gargaɗin da ya zo a hadisin Bukhari da Muslim kan cin ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci bai ware mai katafila ya bar mai gida ba.

To, mene ne namu, mu da Allah Ya ba karatun boko da na addini? Idan aka ji labarin titi a unguwa, mu nemi sanin wane irin kwangila ne, wace hukuma ce mai aikin, wane jami'i ne ke da alhakin diyya, kuma yaushe ne ranar ƙidaya. Mu taimaki tsofaffi su tattara duk abin da ke nuna daɗewarsu a wuri, rasit ɗin harajin gida, takardar wuta da ta ruwa, da shaidar sarkin zango a rubuce. Mu tabbata sunan ɗan haya da na mai talla sun shiga littafi. Mu halarci taron da ake kira, mu fassara wa iyayenmu abin da aka faɗa, kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Mu kuma roƙi dattawa su raba gadon da aka daɗe ba a raba ba, tun kafin kuɗi su shigo tsakanin 'yan'uwa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, Ya sa hanyoyin da ake ginawa su zama alheri ga mai wucewa da wanda ya ba da wuri. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.