Begen Mai Bi a Kwanakin Tsoro

Ya mai karatu, kai da ka soma bin Ubangiji Yesu, ko kuwa kana cikin tambaya tukuna a kan hanyarsa, ka san irin kwanakin da ƙasarmu ta shiga. A watan Disamba na 2020 'yan bindiga suka kwashe yara maza fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, a jihar Katsina. A watan Fabrairu na 2021 suka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe, a jihar Zamfara, a watan Yuli kuma suka shiga makarantar Bethel ta Baftis kusa da Kaduna, suka tafi da yara fiye da 100. Ran 28 ga Maris 2022 suka tare jirgin ƙasa tsakanin Abuja da Kaduna, suka kashe waɗansu, suka kora waɗansu cikin daji. Waɗannan su ne duniya ta ji labarinsu. Amma manomin da aka kama a gonarsa, da matar da aka sayar da shanunta domin a fanshi mijinta, Allah kaɗai ya san yawansu. Masifar nan kuwa ba ta tambayi addinin kowa ba, gama Musulmi da Kirista duka sun yi kuka a cikinta.

Saboda haka zuciyarka tana tambaya, tana cewa: In na ba da gaskiya ga Almasihu, zai tsare ni daga hannun waɗannan mutane? In zai tsare ni, don me zan kulle ƙofata? In kuwa ba zai tsare ni ba, ina amfanin bangaskiya? Tambaya ce mai nauyi, ta kuma isa a amsa ta da gaskiya.

Da fari, sai ka san abin da aka alkawarta maka, domin kada ka jingina a kan abin da Allah bai faɗa ba. A Littafin Ayyukan Manzanni, sura 12, sarki Hirudus ya kama manzanni biyu. Yakubu ɗan'uwan Yohanna, aka kashe shi da takobi. Bitrus kuwa, yana ɗaure da sarƙa biyu tsakanin sojoji biyu, mala'ika ya fitar da shi da dare. Dukansu bayin Ubangiji ɗaya ne, dukansu ƙaunatattunsa ne. Bitrus bai fi Yakubu bangaskiya ba, Allah kuma bai yi barci ba ran da aka sare Yakubu. To, in wani ya gaya maka cewa mai bi na gaske harsashi ba ya taɓa shi, ruɗinka yake yi, kuma ran da aka taɓa wani adali a gabanka bangaskiyarka za ta girgiza. Alkawarin da aka yi maka ya fi wannan girma. An gafarta zunubanka. Ubangiji yana tare da kai a gida da a hanya da cikin daji. Mai kisa iyakarsa jiki, ba shi da iko bisa ranka. Kuma kamar yadda Yesu ya tashi daga kabari a rana ta uku, haka zai tashe ka. Wannan shi ne begen Kirista. Allah yakan ceci bayinsa daga mutuwa sau da dama, ya kamata kuwa mu roƙe shi haka kullum. Amma ko ya ceto, ko ya kira gida, wanda yake nasa bai ɓace ba.

Na biyu, ka yi hankali da jarabar da tsoro yakan kawo wa sabon mai bi. Sa'ad da labarin hari ya iso gari, 'yan'uwanka za su zo maka da laya, da guru, da kambu, da maganin bindiga, da layar zana wadda aka ce tana ɓoye mutum daga idon maƙiyi. Da ƙauna za su kawo su, za su ce, ɗaura wannan a ƙarƙashin riga, ba wanda zai gani, ka ci gaba da zuwa sujadarka. Ka gode musu saboda ƙaunarsu, amma kada ka karɓa. Wanda ya ɗaura laya ya raba zuciyarsa biyu, ya ce wa Allah a ɓoye, ba ka isa ba. Duba kuma, da maganin boka yana hana harsashi, da ƙauyukan da aka ƙone suna nan tsaye, gama ba su rasa bokaye ba.

Akwai wata laya kuma wadda ta fi wuyar ganewa, domin tana sanye da rigar ibada. Wani yakan sa Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin matashi, bai karanta shi ba, yana tsammani takardar ce za ta kori ɓarawo. Wani yakan sayi ruwa ko mai a kwalba wurin mai kiran kansa annabi. Ka tuna, Shaiɗan ya kai Ubangijinmu bisa ƙololuwar Haikali, ya jawo masa aya daga Zabura, ya ce ya yi tsalle tun da mala'iku za su tare shi. Yesu ya ƙi, gama wannan gwada Allah ne. An ba mu Maganar Allah domin mu karanta, mu gaskata, mu yi biyayya. Addu'a kuwa roƙon ɗa ce wurin Ubansa, wanda yake amsawa bisa ga hikimarsa.

Na uku, kada ka zaci yin hankali rashin bangaskiya ne. Manzo Bulus yana tsare a Urushalima, Ubangiji ya tsaya kusa da shi da dare, ya tabbatar masa zai ba da shaida a Roma. Da gari ya waye mutum fiye da 40 suka yi rantsuwa ba za su ci ba, ba za su sha ba, sai sun kashe shi. Ɗan 'yar'uwarsa ya ji ƙulle-ƙullen, ya zo ya faɗa masa. Bulus yana da alkawarin Allah a hannu, duk da haka ya aika da yaron wurin shugaban sojoji, shi kuwa ya shirya dakaru 200, da mahaya 70, da masu māshi 200, suka fita da Bulus da dare zuwa Kaisariya. Ta kunnen yaro da dawakin Romawa Allah ya cika maganarsa. Haka kuma Nehemiya, sa'ad da maƙiya suka yi shirin fāɗa wa masu gina garun Urushalima, ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana, ya ajiye mai busa ƙaho kusa da shi, har aka gama garun cikin kwana 52. Yusufu ma, da aka gargaɗe shi, ya ɗauki ɗan yaron Yesu da uwarsa da dare ya gudu Masar. Ba ɗaya daga cikinsu da Littafi ya zarga da tsoro.

Saboda haka, ɗan'uwana, ka gyara ƙofarka da dangarka. Kada ka yi tafiyar dare a hanyar da aka san ana tarewa, in kuwa tafiya ta zama dole, ka nemi abokan tafiya. Kada ka baza labarin abin da ka sayar a kasuwa. Ka san maƙwabtanka, Musulmi da Kirista, ku yi shawara ɗaya, gama wutar da ta kama ɗakin maƙwabci ba ta tsayawa a danga. In mai unguwa ko dagaci ya shirya gadin dare da sanin hukuma, ka ɗauki rabonka, kada ka kwanta wani ya yi maka tsaro kullum. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka sanar da masu iko. Labarin da ya shigo wayarka, ba ka san tushensa ba, kada ka tura wa wani, domin jita-jita ta sha tada gari a banza. Kuma ka tsarkake hannunka: Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Kada ka sayi saniya ko babur da arahar da ta nuna na sata ne, kada ka kai wa mutanen daji abinci ko man fetur domin riba, kada kuma ka zama idonsu a cikin gari. Mai yin haka yana da rabo cikin jinin da aka zubar.

Na huɗu, ka tsare zuciyarka daga ramuwa, gama nan ne tsoro yakan mai da wanda aka zalunta ya zama azzalumi. In an kama ɓarawo, taro ya ɗauki sanduna da duwatsu, kada hannunka ya shiga. Ka yi ƙoƙari a miƙa shi ga hukuma, wadda Allah ya ba ta hukunta masu laifi. Sau nawa aka kashe marar laifi domin wani ya yi ihu kawai? Kada kuma ka ɗora laifin 'yan fashi a kan kabila dukanta, har ka ƙi makiyayin da bai taɓa cutarka ba, wanda watakila shi ma an kore masa garke. Ba laifi ba ne mutum ya tsaya tsakanin mugu da iyalinsa. Amma bin mutane har gidajensu da wuta domin huce haushi, wannan ba na Almasihu ba ne. Daren da aka kama shi, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist. Yesu ya hana shi, ya kuma warkar da kunnen. A kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara, ɗaya kuma daga cikin 'yan fashi biyu da aka gicciye tare da shi ya tuba, ya sami alkawarin Firdausi a ranar nan. Don haka ka yi addu'a domin waɗanda ke daji, Allah ya karya makircinsu, ya kuma juyo da zukatansu.

Idan masifa ta fāɗa wa wani a cikin ikilisiya, kada ka ce zunubinsa ne ya jawo masa. Ka je gidansa, ka zauna da iyalinsa, ka nome masa gona, ka ba da abin da kake iyawa. Wanda ya komo daga hannun masu garkuwa, namiji ko mace, a karɓe shi da daraja, kada a dame shi da tambaya, kada kuma a nuna shi da yatsa. Ta hannun 'yan'uwa ne Ubangiji yakan share hawaye da yawa.

Kai kuma da ba ka ba da gaskiya ba tukuna, ba mu kira ka domin mu sayar maka da tsari daga bindiga ba. Muna kiranka wurin Mai Ceto wanda mugaye suka kama da dare, suka yi masa dūka, suka kashe shi, ya kuwa tashi, mutuwa ba ta da sauran iko a kansa. Ya san tsoron da ke cikin zuciyarka, ba ya kuwa raina ka saboda shi. Ka tuba, ka ba da kanka gare shi tun yau, tun da ba wanda ya san abin da gobe za ta kawo. Sa'an nan in dare ya yi, ka kulle ƙofarka, ka tara iyalinka, ku roƙi Allah ya tsare ku, da maƙwabtanku, da matafiya, da waɗanda ke tsare a daji; ka danƙa ranka a hannunsa, ka kwanta. Allah ya ba ƙasarmu salama, ya kuma riƙe ka cikin bangaskiya har matuƙa. Amin.