Wasiƙa Ga Ɗana, Mai Magana Da Yawun Kamfani

Ɗana,

An nuna mini abin da ka rubuta a shafin kamfaninku na Facebook ranar da aka hana ma'aikatanku biza, rumfar da kuka kama a bajekolin abinci na Turai ta wuni babu kowa. Raina bai yi daɗi ba, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Ban ce babu abin fushi ba. An biya kuɗin rumfa, an tura samfurin riɗi da zoɓo tun daga Dawanau, kowane mutum ya biya yuro 90 na neman biza, kuɗin da ba ya dawowa ko an ba ka ko an hana ka. Sai ga fasfo ya dawo da 'yar takarda a ciki, an yi alama a layi ɗaya: wai ba a gamsu mai nema zai koma gida ba. Mutumin da ya bar mata da 'ya'ya da sito cike da buhuna a Kano! Akwai ciwo. Amma sunan da ke saman shafin nan na kamfani ne, ba naka ba, kuma magana zarar bunu ce. Zagin da ka yi wa ofishin jakadancin yana nan zaune a intanet har ranar da maigidanka zai sake miƙa fasfonsa ta tagar nan. Mai sayen kayanku kuwa, da ya zo ya tarar da kujeru, a shafin ya fara jin labari. Shi ya cancanci kira na farko, tun daren da takardun suka dawo, da ban haƙuri da kuma bayanin yadda samfurin zai kai hannunsa.

Sai dai ba rubutun ne ya fi damuna ba. Da muka yi waya na tambaye ka yaushe aka yanke shawarar tafiyar, ka ce kai ma a takarda ka gani, aka ce ka shirya sanarwa. Ka faɗe shi kamar ba komai ba ne. To komai ne, ɗana. An ba ka shugabancin sashen sadarwa da hulɗa da jama'a, ka mai da kanka mai shela, wanda ake kira bayan an gama magana. Kujerarka tana cikin ɗakin da ake tsara aikin shekara, kusa da ta mai kula da kuɗi da ta mai kula da fitar da kaya. Idan ba a ajiye maka ba, ka nema cikin ladabi, kuma ka shiga da abin da babu wanda zai kawo sai kai.

Da kana ciki, da ka gaya musu cewa dokar bizar Shengen ta ƙasashen Turai ta yarda a shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, amsa kuma takan ɗauki kwana 15, tana iya kaiwa 45. Da ka tambaya: idan an hana mu fa, wa zai tsaya a rumfar? Muna da wakili mai takardar zama a can? Da ka riƙe sanarwar "za ku same mu a rumfa kaza" har sai biza ta hau fasfo. Duk wanda aikinsa shi ne yin alkawari da sunan kamfani, dole ya san ko ƙofar da za a bi a cika alkawarin a buɗe take.

Kuma ƙofofin nan ba sa tsayawa wuri guda. A watan Oktoba na 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, ba a sassauta ba sai Yulin 2024, jirgin Emirates ma bai dawo Legas ba sai Oktoban 2024. Ka tambayi 'yan Kantin Kwari da suka saba sarin kaya a Dubai yadda suka ji a jikinsu. Amurka ta mai da bizar baƙi ta 'yan Najeriya shekara biyar a 2023, sai a Yulin 2025 ta rage ta zuwa wata uku, shiga ɗaya. Kamfanin da ya ɗora cinikinsa a kan tafiyar mutum biyu zuwa gari ɗaya, ya kamata wani a cikinsa ya riƙa bin waɗannan labarai kamar yadda ake bin farashin dala. Wannan wanin kai ne.

Ban ce ka yi shiru ba. Ka dubi yadda Alhaji Aliko Ɗangote ya yi a Kigali a watan Mayun 2024, a taron shugabannin kamfanonin Afirka. Bai zagi kowa ba. Ya ce shi da ke zuba jari a nahiyar sai ya nemi biza 35, alhali shugaban TotalEnergies, Patrick Pouyanné, yana zaga Afirka da fasfon Faransa cikin sauƙin da shi ba ya samu. Lamba ɗaya, misali ɗaya, a gaban mutanen da ke da ikon gyarawa. Har yau ana ambaton maganar. Kai ma ka tara naka: mutum nawa aka hana, nawa aka kashe, wane ciniki ya kuɓuce. Ka nemi takwarorinka na sauran kamfanoni su kawo nasu, ku kai wa ƙungiyar 'yan kasuwa ta Kano, KACCIMA, da hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki ta NEPC, su shiga gaba. Ofishin jakadanci yakan karɓi ƙungiya mai takardu a hannu.

Maganar Ɗangote ta kuma tuna mana cewa katangar ba a Turai kaɗai take ba. An fara ciniki ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka a Janairun 2021, amma yarjejeniyar zirga-zirgar mutane da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2018 ta daɗe tana jiran ƙasashe 15 su tabbatar da ita, huɗu ne suka yi saurin yi: Nijar, Mali, Ruwanda da Sao Tome. An yarda kaya su wuce, an tsare mai kayan. Duk da haka akwai hanyoyi a buɗe. Tun 1979 ECOWAS ta ba mu kwana 90 babu biza, Ruwanda kuma ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofarta. Me zai hana ku gayyato mai sayen ya zo Kano ya ga yadda ake tankaɗe riɗin da idonsa, ko ku haɗu a Akara ko Kigali?

Saura guda, ita ce mai nauyi. Na san akan zo wa irinku da roƙo, a ce a saka sunan ɗan wane cikin tawagar kamfani, a ba shi takardar ma'aikaci, alhali kowa ya san ba dawowa zai yi ba. Kada hannunka ya taɓa irin wannan takardar, ko wa ya aiko, ko daga gidanmu ne. Ƙarya ce, kuma duk wanda ya tafi ya ɓace, ɗan kasuwa na gaskiya ne ke biyan bashinsa a layin biza. Idan maigidanka ne ya nema, ka same shi shi kaɗai ka gaya masa abin da zai jawo wa sunan kamfanin.

Yanzu ka sauke rubutun nan. Ka kira mai sayen, ka kuma duba takardar ƙin, don akwai bayanin yadda ake ɗaukaka ƙara da wa'adinsa, kada ya wuce ku. Sannan ka nemi ganin maigidanka kafin a zauna tsara tafiye-tafiyen baɗi. In ka shigo gari ka biyo, mu duba abin da za ka kai masa tare.

Ka gaishe da mai ɗakinka da yara.

Baffanka