Fina-finan Ɗaukar Fansa da Zuciyar Muridi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A fada ta samari, a gidan kallo, har cikin ɗakin aure, akwai wani irin fim da ya fi sauran kasuwa a wannan zamani: an zalunci mutum, hukuma ta kasa, sai ya ɗauki makami ya bi azzalumai ɗaya bayan ɗaya. Na Amurka ne ko na Indiya da aka fassara da Hausa, labarin ɗaya ne, kuma ana tura shi daga salula zuwa salula. Cikin masu kallo akwai ƴan'uwa masu riƙe da tasbaha, don haka ya kamata a duba abin da ke jan zuciya gare shi, da abin da yake bari a cikinta.

Asalin jan hankalin ba mummuna ba ne. Allah ya halicci ɗan Adam da ƙin zalunci. Talakan da aka ƙwace wa gona, da ɗan kasuwar da ƴan bindiga suka tare a hanya, da wanda shari'arsa ta shekara ba a yanke ba, duk suna ɗauke da wani ciwo. Fim yana ba su cikin awa biyu abin da duniya ta hana su: an gane mai laifi ba tare da shakka ba, an kama shi, ya ɗanɗana kuɗarsa. A fim ɗin Taken na 2008, an sace ɗiyar wani mutum a Paris, uban ya bi sawu ya ceto ta. Wane uba ne zuciyarsa ba za ta bi shi ba?

Amma masu shirya fim sun san aikinsu. Sukan fara da nuna wanda aka zalunta cikin iyalinsa har mai kallo ya so shi, sa'annan su nuna azzalumi ba uwa ba ɗa, ba wani alheri ko ƙwaya ɗaya. Daga nan duk jinin da aka zubar sai ya zama halal a idon mai kallo. A John Wick na 2014, ɗan wani babban ɗan daba ya kashe ɗan kwikwiyon da marigayiya matar jarumin ta bar masa, ya kuma sace motarsa. Saboda haka jarumin ya kashe mutane gommai, ana tafi. Ba a tsayawa a nuna matan waɗanda suka faɗi, ko marayun da suka bari.

Larabawan jahiliyya sun riga sun yi wannan fim da jininsu. Malaman tarihi sun ruwaito cewa yaƙin Basus tsakanin ƙabilar Bakru da Taglibu ya tashi ne a kan taguwa guda da Kulaibu ya harbe. Jassasu ya kashe Kulaibu, ɗan'uwansa Muhalhilu ya tashi neman fansa, aka yi kusan shekara 40 ƴan'uwan juna na kashe juna. Irin wannan jini ne Manzon Allah (SAW) ya soke a huɗubar Hajjin Bankwana, kuma ya fara da jinin da danginsa suke bi, wato na ɗan Rabi'atu ɗan Harisu.

Su kansu fina-finan sukan tona wannan asiri. A Taken kashi na biyu, na 2012, uban ɗaya daga cikin waɗanda jarumin ya kashe ne ya taso neman fansar ɗansa. John Wick kuwa ya kai kashi huɗu a 2023, kowace fansa na haifar da wata. A fim ribar kamfani ce. A ƙasa kuwa kaburbura ne, kuma mutanen jihar Maraɗi ba su manta Toda ba, inda rikicin manoma da makiyaya a 1991 ya ci rayuka fiye da 100, galibinsu mata da yara waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Musulunci bai ce wanda aka zalunta ya haɗiye haƙƙinsa dole ba. Aya ta 178 cikin Suratul Baƙara ta shar'anta ƙisasi, ta kuma buɗe ƙofar yafiya da diyya. Aya ta 33 cikin Suratul Isra'i ta bai wa waliyyin wanda aka kashe iko, ta hana shi wuce iyaka. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa ana bin wannan haƙƙi ta hannun hukuma, da shaidu ko iƙirari, kuma a kan mai laifi shi kaɗai. Jarumin fim kuwa shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, shi ne hauni. Aya ta 40 cikin Suratush Shura ta halatta ramuwa daidai da cuta, sa'annan ta ɗora ladan mai yafewa da gyarawa a kan Allah da kansa.

Ga ma'abucin ɗariƙa akwai haɗarin da ya fi wannan ɓoyuwa. Imamul Gazali ya bayyana a cikin Ihya'u cewa fushin da mutum ya kasa hucewa nan take yakan koma ciki ya daskare ya zama ƙullaci. Fim ɗin Ghajini na 2008 ya zana wannan cuta sarai. An kashe masoyiyar jarumin, an buge shi a kai har ya zama yana manta komai bayan minti 15, sai ya rubuta sunan maƙiyinsa a jikinsa don ya riƙa tunawa. Ya manta kowa, bai yarda ya manta maƙiyi ba. Wannan ma wuridi ne, amma na ƙiyayya. Muridi yana maimaita istigfari da salati da hailala safe da yamma don sunan Allah ya zauna a zuciya. Mai ƙullaci yana maimaita sunan kishiya, ko abokin gado, ko maƙwabcin da suka yi rikicin iyakar gona, kuma zuciya tana ɗaukar launin abin da ta fi ambato. Ta yaya mai neman gafara sau ɗari da safe zai kwana yana saƙa yadda zai rama?

Madubin muridi shi ne Manzon Allah (SAW). Wahshi ya kashe baffansa Sayyidina Hamza a Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, aka kuma wulaƙanta gawarsa. Bayan buɗe Makka, lokacin da iko duka ya koma hannunsa, Wahshi ya zo ya musulunta. Annabi ya karɓi musuluncinsa, ya dai nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi. Ciwon bai gushe ba, amma bai zama takobi ba. Wannan Wahshi ɗin ne daga baya ya jefi Musailama maƙaryaci da mashinsa a yaƙin Yamama. Da an rama, da an rasa wannan.

Saboda haka ɗan'uwan da ya saba kallon irin waɗannan fina-finai ya auna kansa da abu uku. Na farko, lokaci: idan kallon dare ya cinye Asuba cikin jam'i da lazimin safe, hasarar ta bayyana. Na biyu, fuska: idan ana dukan mugu a fim sai fuskar wani sananne ta faɗo masa a rai, to akwai ƙullacin da ke buƙatar magani, kuma maganin ya fara da yi wa wannan mutum addu'ar shiriya da sunansa bayan wazifa. Na uku, yara: abin da babba ya ɗauka wasa, yaro darasi yake ɗaukarsa. Wanda kuma yake bin haƙƙi na gaskiya, ya kai ƙara wurin alƙali ko sarki, ko ya nemi muƙaddami da dattawa su shiga tsakani. Idan ya samu iko ya yafe, ya hau matakin manya. Idan haƙƙinsa ya salwanta a nan, akwai ranar da za a bi wa tunkiya marar ƙaho haƙƙinta daga mai ƙaho.

Allah ya wanke zukatan ƴan'uwa daga ƙullaci, ya isar wa duk wanda aka zalunta, ya zaunar da ƙasa lafiya, albarkacin Annabin rahama. Amin.