Ƙishirwar da Doka Ba Ta Kashewa

Karatu: Karin Magana 23:29-35

Akwai wani ruwan inabi mai tsada da ake kira Shiraz. Sunan wani birni ne a ƙasar Iran, amma bincike ya nuna asalin itacen daga kudu maso gabashin Faransa yake, inda suke ce masa Syrah. A yau Ostareliya ta yi suna da shi. Ja ne wur har yana neman yin baƙi, yana da kauri a baki, da ɗan yaji kamar na masoro. Akan ajiye shi cikin gangar katako shekara guda ko fiye. Masu sha sukan ɗaga kofi su duba launinsa, su shinshina, kafin su kurɓa. Amma duk da wannan ado, abin da yake sa maye a cikinsa yakan kai kashi 14 ko 15 cikin 100.

Yanzu bari mu tafi Sabha, babban birnin yankin Fezzan a kudancin Libiya, inda 'ya'yanmu da yawa suke sauka bayan sun ƙetare hamada daga Agadas. A can ba za ka ga wannan kwalba a kanti ba, gama an haramta giya a Libiya tun bayan da Gaddafi ya hau mulki a 1969. To, ƙishirwa ta ƙare ke nan? Ko kaɗan. A ɓoye ana dafa wata barasa mai suna bokha daga dabino ko ɓaure. A watan Maris na 2013, a birnin Tarabulus, irin wannan barasa da ta gauraya da guba ta kwantar da mutum fiye da 1,000. Gwammai suka mutu, waɗansu suka makance.

Ga tambayarmu ta yau: idan doka ta hana mutum abu, ya zama nagari ke nan? Doka tana da amfani. Takan tsare yara da raunana, kamar yadda danga take tsare gona daga awaki. Amma danga ba ta hana akuya jin yunwa. Attajirin da yake yaba ƙanshin Shiraz, da leburan da yake ɓoye bokha cikin gorar roba, sau da yawa abu ɗaya suke nema: su manta da damuwa na ɗan lokaci. Tsada ba ta tsarkake na farkon ba, hani kuma bai warkar da na biyun ba.

Manoman Fezzan sun san wani abu. Sukan tsaga kan itacen dabino su tari ruwansa, wanda suke kira lagbi, ɗan'uwan bammi. Da sassafe zaƙi ne zalla, ko yaro yana iya sha. In ya wuni, sai ya koma abin maye. Itacen da aka matsa wa tsaga kuwa yakan mutu. Haka sha'awa take. Takan fara da zaƙi, ba ta kuwa sanar da kai sa'ar da ta juya.

Saboda haka kada ka yi fahariya cewa ba ka sha, idan rashin samu ne ko tsoron idon mutane ya hana ka. Tambayi kanka: me nake gudu zuwa gare shi sa'ad da zuciyata ta yi nauyi? Wani giya ne, wani ƙwaya, wani kuɗi. Kamun kai daga ciki yake tsirowa. Idan kuma kana da ɗan'uwa da ya fāɗi, a gida ko a Sabha, neme shi ka ji abin da yake cin ransa kafin ka tsauta masa.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka san ƙishirwar da nake ɓoyewa. Ka ba ni kamun kai, ka kuma kiyaye 'yan'uwanmu da suke baƙunci a ƙasashe masu nisa. Amin.